Noman Tumatir a Tsakar Gida: Zaɓen Iri, Reno da Dashe a Bokiti

Duk mai yin cefane a arewacin Najeriya ya san yadda farashin tumatir yake hawa da sauka a cikin shekara. Daga watan Janairu zuwa Maris, sa'ad da manoman rani na Kadawa da sauran fadamu suke girbi, kasuwa takan cika har wani ya ruɓe a kwando. Da zafin bazara ya shigo, damina kuma ta biyo baya, sai ya yi wuya. Ƙwaya 4 ko 5 sukan zama kashi guda, uwargida kuwa ta koma ga kauɗa ko na gwangwani. Ga gidan da yake da bakuna da yawa, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

'Yan'uwa, bokiti 5 ko 6 a tsakar gida ba za su maye gurbin lambu ba, amma suna iya rage kuɗin miya na makonni da dama. Mutane da yawa sun gwada, suka ga tsiro ya yi tsayi ba 'ya'ya, ko ya yanƙwane dare ɗaya, sai suka ce hannunsu ba shi da albarkar shuka. Sau da yawa ba laifin hannu ba ne. Matsalar takan faro tun ranar da aka zaɓi iri, domin irin bai dace da lokacin ba, ko kuwa bai dace da mazubin da aka sa shi ba. Bari mu bi aikin daki-daki, mu ga dalilin kowane mataki.

Halin tumatir

Asalin tumatir daga yammacin Kudancin Amurka yake, yankin duwatsun Andis, wajejen ƙasashen Peru da Ekwado. Mutanen Meziko ne suka mai da shi amfanin gona, daga harshensu ne kuma sunansa ya fito. Mutanen Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu a duniya. Wannan tarihi yana taimakonmu gane halinsa: tsiro ne mai son rana sosai, amma ba ya son zafi mai tsanani, ba ya kuma son ganyensa ya daɗe a jiƙe.

Ya fi jin daɗi idan zafin rana yana tsakanin digiri 21 da 28 a ma'aunin Salshiyos, dare kuma da ɗan sanyi. Idan zafi ya haura digiri 35 kwana da kwanaki, garin da ke cikin fure yakan lalace, furen ya bushe ya faɗi ba tare da ya ɗaura ɗa ba. Shi ya sa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu yakan kai digiri 40, tumatir yakan yi ganye kore shar amma ba abin tsinka. Shi ya sa kuma hunturu ya zama lokacinsa, tsaunin Jos mai sanyi kuwa yana ba da shi a lokacin da wasu wurare ba sa iyawa. Da damina zafi yakan ragu, amma sai cututtukan ganye da na ƙasa su taso. Mu riƙe waɗannan abokan gaba biyu a zuciya, wato zafi da laima, gama su ne za su nuna mana irin da za mu saya.

Bambancin iri

Tambaya ta farko ita ce yadda tsiron yake girma. Akwai iri mai tsayawa. Shi yakan kai tsawon mita 1 ko ƙasa da haka, ya fitar da fure a kan kowane reshe, ya daina tsawo, ya ba da yawancin 'ya'yansa cikin makonni 3 zuwa 5. Akwai kuma iri mai hawa, wanda ba ya daina tsawo muddin yana da rai. Yana iya wuce mita 2, yana fure yana 'ya'ya kaɗan-kaɗan har watanni. Mai tsayawa ya fi sauƙi a bokiti, domin ba ya bukatar doguwar sanda ko ƙasa mai yawa. Mai hawa ya dace da gidan da yake son tsinkar 'yan ƙwayoyi kowane mako, amma sai da babban mazubi da ɗauri mai ƙarfi.

Tambaya ta biyu ita ce ko irin na gado ne ko mai aure. Irin gado shi ne wanda idan muka cire ƙwaya daga 'ya'yansa muka shuka, za mu sami irin uwar. Roma, wanda aka fitar a Amurka a shekarar 1955, yana cikin waɗannan. Haka ma UC82B, wanda ya fito daga Jami'ar Kalifoniya, manoman rani kuma suka karɓe shi saboda taurinsa da jure doguwar tafiya a mota. Dukansu biyu masu tsayawa ne. Iri mai aure kuwa shi ne wanda kamfani ya haɗa iyaye biyu daban ya samar, a jikin ledarsa za mu ga an rubuta F1. Misalansa a shagunan kayan gona su ne Padma F1 da Platinum F1 da Cobra F1. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma da yawa daga cikinsu an samar da su ne domin su jure zafi da cututtukan damina. Aibinsa shi ne ba a ajiye irinsa. Idan muka shuka ƙwayar 'ya'yansa, jikokin za su rarrabu, wani dogo wani gajere, wani ya rasa juriyar da muka biya kuɗi dominta.

A nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Sukan matse ƙwayar tumatirin da suka sayo a kasuwa su shuka da damina. Wannan tumatir galibi irin rani ne, ko kuwa ɗan iri mai aure ne, don haka ba abin mamaki ba ne idan ya kasa. Araha ba ta ado. Giram 1 na irin tumatir yana ɗauke da ƙwayoyi wajen 300, saboda haka ƙaramar leda guda ta ishi gidaje da yawa idan maƙwabta suka haɗa kuɗi suka raba.

Mu koyi karanta jikin leda. Haruffan V da F, kamar a sunan Roma VF, suna nufin irin yana jure cututtukan yanƙwanewa guda biyu da naman gwari na cikin ƙasa yake kawowa. Harafin N yana nufin juriya ga ƙananan tsutsotsin da suke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. BW yana nufin juriya ga cutar yanƙwanewa ta bakteriya, wadda ta fi ɓarna da damina. TY ko TYLCV kuwa juriya ce ga cutar nannaɗewar ganye da farin ƙuda yake yaɗawa. Mu duba kuma ranar da irin zai daina aiki, kada mu sayi ledar da ta daɗe a rana.

Siffar ɗan ma tana da magana. Dogon tumatir mai kama da ƙwai, irin Roma, yana da tsoka da ƙarancin ruwa, ya fi kyau a miya da yin kauɗa. Mai zagaye babba yana da ruwa, ya fi daɗi a kwaɗo, amma yana saurin tsagewa idan ruwa ya yi yawa. Sai kuma ƙanana masu kama da ƙwayar kanya, irin waɗanda suke tsirowa da kansu a bayan gida. Kada mu raina su. Sun fi manya jure zafi da laima, ga wanda yake koyo kuwa su ne suka fi wuyar ba da kunya.

A taƙaice, da hunturu irin gado kamar Roma VF ko UC82B ya isa. Da damina mu nemi iri mai alamar BW da TY, ko mu shuka ƙananan nan.

Renon iri

Ba a jefa ƙwayar tumatir kai tsaye a babban bokiti. Ana renonta ne a ƙaramin wuri tukuna, inda za mu iya lura da ita. Kofin roba, ledar fiya wata da aka yanke kanta, ko tsohuwar roba mai faɗi duk sun isa, muddin an huda ƙasansu. Mu cika su da ƙasa mai laushi wadda aka tankaɗe aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, mu jiƙa ta kafin shuka.

Zurfin ramin kada ya wuce santimita 1, wato kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa. Ƙwayar ƙarama ce, abincin da ke cikinta kaɗan ne, idan aka binne ta da zurfi za ta gaji kafin ta ga haske. Mu sa ƙwaya 2 a kowane kofi, mu rufe da ƙasa kaɗan, mu shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama, mu yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana 5 zuwa 10 za ta tsiro. Ranar da muka ga tsiro na farko mu ɗauke ciyawar, mu kai su inda za su sami ranar safe. Tsiron da aka bari a inuwa yakan yi siriri ya yi tsawo yana neman haske, ba ya kuma yin ƙarfi daga baya.

Babban haɗari a wannan mataki shi ne yawan ruwa. Idan ƙasa ta zauna caɓa-caɓa, wuyan tsiron yakan ruɓe daidai bakin ƙasa, da safe mu tarar da su kwance. Laima ake so, ba taɓo ba. Idan ganyen gaske ya fito, wato masu tsaga-tsaga da suke bin ganye biyu na farko, mu yanke mai raunin mu bar ɗaya a kofi.

Bayan mako 3 zuwa 4, ɗan dashe yakan kai santimita 10 zuwa 15, da ganyen gaske 4 ko 5. Mako guda kafin dashe mu rage masa ruwa kaɗan, mu riƙa ƙara masa lokacin zama a rana, domin ya saba da wahalar da zai tarar.

Mazubi da ƙasa

Saiwar tumatirin da ke gona tana iya bin laima zuwa ƙasa. Wanda ke bokiti ba shi da inda za shi, abin da muka ba shi kaɗai zai ci ya sha. Saboda haka girman mazubi shi ne iyakar amfanin. Ga iri mai tsayawa, lita 20 ita ce daidai: bokitin fenti, jarkar mai da aka yanke kanta aka wanke sosai, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa. Ga mai hawa mu nemi lita 30 ko fiye. Tsiro ɗaya a mazubi ɗaya. Idan muka cusa uku a bokiti guda, ukun ba za su ba da abin da ɗaya zai bayar ba. Kada mu taɓa amfani da mazubin da aka zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a ciki.

Mu huda ramuka 6 zuwa 8 a gindin, masu faɗin yatsa, mu ɗora bokitin a kan bulo ko duwatsu domin ruwa ya tsiyaye. Baƙar roba tana jan zafi har ta dafa saiwa, don haka da bazara mu naɗe ta da farin buhu.

Ƙasar tsakar gida ita kaɗai takan daskare a bokiti kamar tubali. Haɗin da ya dace shi ne kashi 2 na ƙasar saman gona, kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, da kashi 1 na yashi ko ƙaiƙayin shinkafa da aka babbake. Takin dole ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina wari da ɗumi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Kada mu ɗebo ƙasa daga inda aka yi tumatir ko barkono ko gauta ko dankalin Turawa bara, gama dangi ɗaya ne, cutarsu ma ɗaya ce. Wannan ita ce babbar ribar bokiti a kan gona: mu ne muke zaɓen ƙasar.

Wurin ajiyewa ya zama yana samun rana ta awa 6 zuwa 8. Da bazara ranar safe da inuwar la'asar sun fi. Da damina gefen rumfa yana da kyau, inda rana take shiga amma ruwan indararo ba ya dukan tsiron. Mu kuma tuna da awaki da kaji, domin akuya ɗaya tana gama aikin wata biyu kafin a idar da wanke-wanke.

Dashe, ban ruwa da taki

Da yamma ake dashe. Mu jiƙa ɗan dashen tukuna, mu fitar da shi da ƙasarsa, kada mu fizge shi. Tumatir yana da wata baiwa: duk inda karansa ya shiga ƙasa yakan fitar da sabuwar saiwa. Don haka mu cire ganyen ƙasa, mu binne karan har kusa da ganyen da ya rage. A ranar ce kuma za mu kafa sanda, domin kafa ta daga baya yana yanke saiwa. Mu ɗaure karan da tsumma mai laushi, sako-sako, yadda zai sami wurin yin kauri.

Ban ruwa shi ne inda amincin mai shuka yake bayyana. Babban tsiro a bokiti yana iya shan lita 2 zuwa 3 a rana, da zafi ma fiye. Mu tsoma yatsa a ƙasa. Idan gaɓa biyu sun fito a bushe, lokaci ya yi. Mu zuba a gindi da safe har ya fara ɗiga ta ƙasa, kada mu watsa a ganye. Idan muka bar shi da ƙishi kwana biyu sa'an nan muka cika shi da ruwa, abu biyu za su faru. 'Ya'yan za su tsage, gindin wasu kuma ya yi baƙi ya lotsa. Mutane sukan ɗauka wannan baƙin cuta ce su sayi magani, alhali sinadarin kalsiyam ne bai isa ɗan ba, domin ruwa ne yake ɗauke da shi daga saiwa. Maganinsa ban ruwa a kan lokaci, da shimfiɗa busasshiyar ciyawa a saman ƙasar.

Ruwan da yake tsiyayewa yana tafiya da abinci, saboda haka bokiti yana bukatar ƙari. Kwana 10 zuwa 14 bayan dashe mu sa takin NPK 15-15-15 cikin ƙaramin cokalin shayi, a gefen bokiti nesa da kara, mu rufe mu ba da ruwa. Mu maimaita kowane mako 2 ko 3. Wanda ba shi da takin zamani ya ƙara ruɓaɓɓen taki cikin tafin hannu a sama. Mu yi hankali da yuriya, gama yawanta yana ba da ganye ya hana fure.

Ga iri mai hawa, mu riƙa tsinke ƙananan rassan da suke fitowa a tsakanin kara da ganye, mu bar kara 1 ko 2. Ga mai tsayawa kuwa kada mu yi haka, domin a kan waɗannan rassa ne 'ya'yansa suke. Ganyen da yake taɓa ƙasa kaɗai za mu cire. Furen tumatir yana ɗauke da namiji da mace a wuri ɗaya, motsi kawai yake bukata. A tsakar gidan da iska ba ta kaɗawa, mu ɗan girgiza sandar da hantsi.

Ƙwari da cututtuka

Mafi suna ita ce tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano suke kira sharon. Ita ma daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a shekarar 2006, a 2016 kuma ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tana shiga cikin tsokar ganye ta ci, ta bar farin tabo kamar takarda, daga baya ta huda 'ya'ya. Mai bokiti 6 yana da abin da mai kadada ba shi da shi, wato yana iya duba kowane ganye. Mu tsinke wanda ya kamu mu ƙone shi. Ga farin ƙuda da ke ɓuya a bayan ganye, mu daka ƙwayar darbejiya cikin tafin hannu, mu jiƙa a lita 1 ta ruwa ta kwana, mu tace, mu sa ɗan sabulu, mu fesa da yamma kowane mako.

Idan tsiro ya yanƙwane yana kore alhali ƙasa da laima, mu yanki karan mu tsoma a kofin gilashi mai ruwa. Idan wani farin abu ya zubo kamar zare, bakteriya ce, ba ta da magani. Mu cire tsiron, mu zubar da ƙasar nesa, mu wanke bokitin. In ya zama dole a sayi maganin feshi, mu nemi shawarar malamin gona, mu kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Maganin sauro da na kyankyaso ba na abinci ba ne.

Girbi, ajiyar iri da lissafin lokaci

Yawancin iri sukan fara nuna kwana 60 zuwa 80 bayan dashe, wato wata 3 zuwa 3 da rabi daga ranar shuka. Da ɗa ya fara ja muna iya tsinka ya ƙarasa a inuwa, musamman inda tsuntsaye suke damu.

Idan irin gado ne, mu zaɓi 'ya'ya nunannu daga tsiro mafi lafiya, mu matse ƙwayar da ruwanta a kofi, mu bar ta kwana 2 ko 3 ta yi tsami. Tsamin yana narkar da yauƙin da yake hana ƙwaya tsirowa. Mu wanke, mu zubar da masu iyo, mu shanya na ƙasan a inuwa, mu adana a takarda cikin kwalba mai murfi, da sunan irin da shekarar. A wuri mai sanyi marar laima yana kai shekara 3 ko 4.

Da wannan lissafi kowa zai iya ƙirga baya. Mai koyo ya fara a watan Oktoba, ya yi dashe a Nuwamba, ya ci a Janairu. Tumatir yana araha a lokacin, amma a nan ne hannu zai saba ba tare da asara mai yawa ba. Sa'an nan ya fuskanci lokacin tsada. A Filato da kudancin Kaduna, inda ruwa yake sauka da wuri, shukar ƙarshen Maris ko Afrilu za ta ba da 'ya'ya a Yuli. A can arewa gara a jira watan Mayu, domin fure ya zo bayan ruwa ya karya zafi. Idan muka raba shukar kashi biyu da tazarar mako 3, tsinka za ta daɗe.

'Yan'uwa, kada mu fara da bokiti 20. Mu fara da 3 ko 4, iri biyu daban, mu rubuta ranar shuka da sunan kowanne a jikin bokitin. Mu ba yara aikin ban ruwan safe, mu koya musu duba bayan ganye. A ƙarshen zagaye na farko za mu san irin da ya karɓi tsakar gidanmu, ragowar 'yan dashen kuma mu miƙa wa maƙwabcin da bai samu ba. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.